Abin da Mama Clara Ta Faɗa a Waya

Longsight, Manchester
Oktoba, 2015

Zuwa ga Yayata Rebecca,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Yaya 'yata Kaneng da karatu? Ki ce mata na ga hoton da ta turo, kitson ya yi mata kyau, amma ta rame, kuma na san ba laifin tukunyarki ba ne. An fara yankan acca a Bukuru?

Na koma biro da takarda ne saboda wayar da muka yi ranar Lahadi. Ni ina ihu a nan har maƙwabta suna buga bango, ke kina can kina "Na'am? Na'am?", ƙarshe kika ajiye ba ki ji komai ba sai cewa maganar ƙanenki nake yi. Kunnen nan naki ya gaji, Yaya, ki yarda kawai. Daga yau zan riƙa rubutawa, in ɗauki hoton takardar in turo wayarki, ki sa tabarau ki karanta a tsanake.

Kin ce in gaya miki gaskiyar jikin Baban Kaneng, in bar "da sauƙi" ɗin da nake miki. To, ba sauƙi. Likita ya ce akwai wata 'yar ƙofa a cikin zuciyarsa wadda jini ke bi, ta tsuke, sai an buɗe ƙirji an canza ta. Magani ba zai buɗe ta ba. Sun sa sunansa a layin masu jiran aiki tun kafin Ista, ga shi sanyi ya sake shigowa muna nan muna jira. Duk sanda muka tambaya sai a ce layin da tsawo, gadaje sun yi kaɗan, ma'aikata sun ragu. Gwamnatin nan ta tsuke bakin aljihu, komai an rage, har abin da bai kamata a taɓa ba.

Wannan ragin ne ma ya raba mu gida. Kin tuna wurin matasa na council, wato ƙaramar hukuma, da yake kula da shi a nan Manchester? Bara aka rufe shi aka sa kwaɗo. Da ƙyar ya samu aikin gadi a wani babban sito a Birmingham, tafiya kamar Jos zuwa Bauci. Ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwar Baturiya, Mama Clara, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Ranar Asabar yake zuwa gida, Lahadi da yamma ya koma. Da yake a can ya yi rajista da GP, wato likitan unguwa, a asibitin can sunansa yake. Ni kuma ina nan da sharar ɗakunan ɗalibai a Fallowfield.

Wancan satin na tsaya ina kallonsa yana hawa benen gidanmu. Matakalar ba ta da wani tsawo, amma sai da ya tsaya a tsakiya ya dafa bango, wai yana duba fentin da ya ɓare. Leɓensa ya yi duhu. Da na yi magana, ya ce in bar shi da surutun malaman makaranta. Ƙanenki ne, kin fi ni sanin taurin kansa. Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji kukana.

Maganar malanta kuwa, bari in ba ki dariya kaɗan. Ni da na yi shekaru ina koyar da Turanci a firamare har yara suna ɓuya in sun hango ni, wata ƙaramar kalma ce ta zo ta zubar mini da girma a ƙasar nan, wai ita turn. Abin da na koya wa yara shi ne juyawa. In ce turn left, duk aji su juya hagu, ban da ɗan gidan Manasseh da kullum dama yake yi. A nan kuwa kalmar ba ta da gidan kwana. Ranar da na fara aiki, matar agency, wato kamfanin da ke tura mu shara, ta ce duk wadda ba ta turn up ba an cire ta. Na tsaya ina tunanin yadda mutum zai juya sama, ashe zuwa wurin aiki take nufi. Abokiyar aikina Maureen, wata tsohuwa mai shan shayi kamar ruwa, ta shinshina madara ta ce ta yi turn, ashe ta yi tsami. Su ganyayen bishiya ma da suka yi ja suna zuba, wai su ma sun yi turn.

Wadda ba ta ba ni dariya ba ita ce ta watan jiya. Na rubuta na roƙi a maido sunansa asibitin Manchester, ko don in riƙa ganinsa. Amsa ta zo cewa an yi turn down. Na karanta na sake karantawa ina neman abin da aka juya ƙasa, sai da Maureen ta dafa kafaɗata na gane an ƙi ne.

Ma'ana ɗaya ce ba sai an koya mini ba, wato layi. A jira turn ɗin mutum ya zo. Wannan mun san shi tun layin injin niƙa. Shi nake kwana da shi, shi nake tashi da shi. Duk sanda waya ta yi ƙara gabana sai ya faɗi, ban san ko layin ne ya zo ko kuwa wani abu ne ya riga shi zuwa.

Ki sa mu cikin addu'a, Yaya. Kada ki gaya wa Kaneng maganar matakala, jarrabawa ce a gabanta. Ki gai da Fasto da matan zumunta.

Taki ƙanwa cikin Ubangiji,
Celestina

*

Longsight, Manchester
Laraba da yamma

Yaya Rebecca,

Gaisuwa da murna cikin sunan Mai Ceto. Ina fata kuna lafiya, ke da Kaneng. Yau ba zan ja gaisuwa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Layinsa ya zo! Allah ya ji kukanmu.

Na sauko daga bas ke nan a Stockport Road, ina riƙe da ledar tumatir, wayata ta yi ƙara. Mama Clara ce. Ba ta taɓa kirana ba, don haka sai da na jingina da bangon wani shago kafin na ɗauka. Turancin Birmingham ta hanci yake fitowa, ga ƙarar motoci, amma abin da ya kamata in ji na ji shi sarai. Ta ce, "He's had a turn, love. They've taken him in." Wato ya samu turn ɗinsa, sun karɓe shi a asibiti. Ta ƙara da cewa za su riƙe shi.

Yaya, ban san sanda na ce Halleluya a tsakiyar titi ba. Mai naman da ke kusurwa har leƙowa ya yi. Na yi wa Mama Clara godiya, na ce Allah ya saka mata, na ce wannan ce ranar da muke ta roƙo. Ita kuwa shiru ta yi. Can ta tambaye ni ko zan taho. Na ce mata sai Asabar, domin gobe da jibi ina da aiki, kuma kin san dokar agency. Ta maimaita "Asabar" ɗin, sannan ta ce to, ta ajiye. Turawan nan ba su iya murna ba. Ko ɗansu ne ya ci jarrabawa, abin da za ki ji shi ne "ba laifi".

Na lissafa ne, Yaya. An gaya mana tun farko cewa in an karɓi mutum sai an yi masa gwaje-gwaje kafin a taɓa shi, jini ne, hoto ne, ba a gaggawa. In na tafi yau zama kawai zan yi ina kallonsa yana karanta jarida, in rasa aikina, alhali bayan tiyatar ne zai fi bukatata. Sai na ga gara in yi kwana biyun nan, in roƙi hutu da bakina ranar Jumma'a, in tafi da ƙarfina.

Na kira wayarsa, a kashe take. Na san a irin wannan wuri suna sa a kashe. Amma abin ya ɗan sosa mini rai cewa bai kira ni da kansa ba kafin ya tafi. Watanni muna jira tare, ranar ta zo kuma a bakin mai gidan haya zan ji. Zurfin cikin gidanku ne, ba zan ce komai ba. In ya warke ma yi wannan shari'ar.

Ba zan ɓoye miki ba, murnar ba ita kaɗai ba ce a cikina. Da na shigo gida na zauna, sai na tuna wuƙa za a sa masa a ƙirji, a tsayar da zuciyar mutum a gyara a sake tayar da ita. Ban iya cin abinci ba. Amma gara wannan tsoron da na jira, shi aƙalla yana da ƙarshe.

Yanzu ki gaya wa Kaneng. Ki gaya wa Fasto, ki gaya wa matan zumunta gobe in kun taru, su yi godiya, su kuma yi addu'a Allah ya riƙe hannun likitocin. Zan dafa masa gwate da 'yar accar da kika aiko, in tafi da shi ko bai ci ba ya ji ƙanshin gida.

Sai na sake rubutowa daga can da labari mai daɗi, in Ubangiji ya yarda.

Taki,
Celestina

*

Birmingham
Asabar

Yayata,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ina fata kina lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada Kaneng ta karɓi wayar nan daga hannunki sai kin kai ƙarshe.

Yana da rai. Na fara da wannan don kada zuciyarki ta buga. Amma abin da na rubuto miki ranar Laraba ba haka ba ne. Ba layinsa ne ya zo ba. Faɗuwa ya yi.

Ranar Alhamis na kira asibitin, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Da aka ɗauka, aka ce ba sa ba da bayanin mara lafiya ta waya, amma yana nan ana kula da shi. Na ce madalla. Da yamma saƙonki ya shigo cewa matan zumunta sun yi waƙa har da rawa, Kaneng ta ci abinci kwano biyu. Na yi barci mai daɗi ranar, Yaya, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Jiya da safe muna goge kicin ɗin ɗalibai ni da Maureen. Tana cikin ba ni labarin jikanta sai ta yi shiru. Na waiga na ga fuskarta ta yi fari fat, ta saki tsumma, ta sulale ƙasa a jikin firji. Na yi ihu, shugabarmu ta shigo da gudu, ta durƙusa tana yi mata fifita, ta ɗaga waya ta kira motar asibiti. Ina tsaye a kansu na ji tana gaya wa mai wayar, "She's had a turn."

Kalmomin Mama Clara ne, ba ko ɗaya da ya canza. Ga Maureen kwance a ƙasa ido a kafe, babu layi, babu jira, babu komai. Na tambayi shugabar me ta ce. Ta dube ni kamar na zare, ta ce ai haka ake faɗa in jiri ya ɗebi mutum ko ya yanke jiki ya faɗi. Na zauna a ƙasa kusa da Maureen. Ita ta farfaɗo kafin motar ta iso, suga ne ya sauka mata. Ni ban ma cire rigar aiki ba, na fita na bar jakata a can, sai da na kai tasha na koma na ɗauko.

Ban san yadda na iso ba. Na dai tuna jirgin ƙasan da na shiga yana tsayawa a garuruwan da ban san sunansu ba, ni kuma ina kiran Mama Clara ba ta ɗauka, ashe tana asibitin wayarta a jaka.

A bakin ɗakin masu ciwo mai tsanani na same ta, 'yar ƙaramar tsohuwa da rigar sanyi ruwan toka, ta rungume jakarta a cinya. Ita ta ba ni labari. Ranar Laraba da rana yana saukowa daga bene zai tafi aiki, ta ji ƙara. Ta fito ta same shi a ƙasan matakala ba ya motsi, goshinsa ya fashe. Ita ta kira motar asibiti, ita ta bi shi. Wayarsa tana nan a aljihun rigarsa, ta tsage. Ya farfaɗo a hanya. Daren Laraba da yinin Alhamis duk idonsa biyu, yana magana, yana shan ruwa da kansa. Ranar Alhamis da yamma numfashi ya gagare shi, ruwa ya taru a huhunsa, suka ba shi maganin barci suka sa masa roba a maƙogwaro, inji ne yake numfashi dominsa.

Na tambaye ta ko ya neme ni. Ta sunkuyar da kai tana wasa da zip ɗin jakarta. Na ce ta faɗa mini. Ta ce duk sanda wani ya taɓa labule sai Baban Kaneng ya ɗago kai ya duba. Ta ce ya tambaye ta ko ta kira ni, ta ce ta kira. Ya ce me na ce. Ita kuma ba ta iya gaya masa na yi dariya na gode wa Allah ba, sai ta ce masa kawai na ce sai Asabar. Ya ce, "Asabar?" Ta ce i. Bai ƙara tambaya ba, ya rufe ido.

Yaya, mutumin nan ya faɗi, an gaya wa matarsa, matarsa ta ce sai Asabar. Abin da ya sani ke nan sanda suka sa shi barci.

Sun bar ni na shiga. Ban gane shi ba da farko saboda robobi. Na riƙe hannunsa, da ɗumi. Likita ya ce za su yi aikin da zarar huhun ya sarara, yanzu ba maganar layi, amma jikinsa ya yi rauni fiye da yadda suke so. Ya ce in shirya wa kowane irin labari.

Ban san yadda za ki koma wa matan zumunta ba, ni na jawo miki. Ki ce musu kuskurena ne. Kaneng kuwa ki gaya mata babanta yana asibiti yana jin jiki, kada ki yi mata ƙarya, ƙaryar da na yi mata ba da sani ba ta isa.

Ki yi addu'a, ni tawa ta ƙi fita.

Celestina

*

Birmingham
Nuwamba, 2015

Zuwa ga Yaya Rebecca,

Alheri da salama su kasance tare da ke. Na ga saƙonki, na gode da ba ki yi mini faɗa ba, ko da yake da kin yi da ya fi mini sauƙi. Yaya ƙafar? Kin ce Kaneng ta daina cin abinci. Ki zaunar da ita ki ce uwarta ta ce ta ci, mara lafiya ɗaya ya ishe ni.

An yi aikin. Likitan ya fito ya ce sun canza ƙofar, zuciyar ta tashi da kanta. Amma bai farka ba. Sun janye maganin barcin tun kwanaki, ya kamata a ce ya buɗe ido, bai buɗe ba. Sun ɗauki hoton kansa saboda faɗuwar, sun ce ba su ga abin tsoro ba, wasu sukan daɗe. Wasu kuma, ban bari likitan ya ƙarasa ba.

A ɗakinsa nake kwana, a gidan Mama Clara. Takalminsa na aiki yana bakin ƙofa, Littafinsa Mai Tsarki a kan matashi, ga kwalaben magani a jere a taga yadda yake jera komai. Kullum sai na bi matakalar nan, ina sauka ina kawar da ido daga inda aka wanke kafet. Agency sun turo saƙo sun ce tunda ban turn up ba sun ba wata gurbina. Na karanta na goge, ko a jikina.

Na yi fushi da tsohuwar nan kwana da kwanaki, ba zan ɓoye ba. Mutum ya faɗi daga bene, jini a goshi, me zai hana ki ce ya faɗi? Me zai hana ki ce yana mutuwa, taho? Su mutanen nan komai sai sun naɗe shi a tsumma, wai kada su tayar wa mutum da hankali. Rannan muna shan shayi na kasa riƙewa, na faɗa mata haka. Ta ajiye kofinta ta fashe da kuka. Ta ce haka uwarta take faɗa, haka kowa yake faɗa a unguwarsu, ba ta taɓa tunanin maganar tana da wata fuska ba. Ta ce da ta ji ina dariya ta ɗauka ko mun rabu ne, ko kuwa haka bangaskiyarmu take, sai ta ji nauyin sake kirana. Na ce ni ma da na ji shirunta ya kamata in tambaya. Muka zauna mu biyu, shayin ya huce. Tun ranar take raka ni asibiti, ga ciwon gwiwa, ga bas biyu.

A ɗakin da yake kwance a asibiti ne kaɗai kalmar turn take nufin abin da na koya wa yara. Nas biyu sukan zo su ce lokacin turn ya yi, su kama zanen gado su juya shi daga wannan gefe zuwa wancan don kada bayansa ya yi gyambo. Na roƙa sun bar ni ina riƙe kansa in za su juya. Mutumin da ke ɗaukar buhun dankali a kafaɗa ɗaya, yau sai an juya shi kamar jariri.

Ina yi masa magana, sun ce mai yiwuwa yana ji. Na yi masa bayanin da Hausa, na yi da yarenmu, har da Turancin da ya kunyata ni na yi. Na ce ban gane ba ne, na ɗauka layinka ne ya zo, murna nake maka. Na faɗa har nas ɗin da ke wurin ta haddace. Injin dai yana ta hura ƙirjinsa yana saukewa.

Kin san abin da nake tsoro, Yaya? Mutuwa ina tsoronta, amma kowa da ranarsa. Abin da ke hana ni barci shi ne ya tafi da Asabar ɗin nan a zuciyarsa. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa barinsa ya ci tuwon da ya kwana ba, a ce abin da zai tafi da shi daga gare ni shi ne an kira ni ban zo ba. In Allah zai ɗauke shi, ya ba ni shi ko na minti ɗaya ne tukuna.

Ki gai da Fasto, ki gode masa da azumin da suka yi. Ki rungume mini Kaneng.

Taki ƙanwa,
Celestina

*

Birmingham
Talata

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai jinƙai. Ina fata ke da Kaneng kuna lafiya. A kan gwiwata nake rubutu a barandar asibiti, shi ya sa layin ya karkace.

Shekaranjiya sun cire masa robar maƙogwaro, yana numfashi da kansa. Jiya da safe wata likita ta tare ni a ƙofa tana murmushi, ta ce tana ganin ya yi turn a corner, wato ya sha kwana. Ban yi murmushi ba, ban yi godiya ba. Na ce mata ta yi haƙuri, kalmar nan ta taɓa cutata, kada ta sake faɗa mini ita. Na ce ta yi mini magana kamar yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya, zai rayu ko zai mutu? Ta bar murmushin, ta ja kujera ta zauna. Ta ce zuciyar tana aiki, huhun ya bushe, tana ganin zai rayu. Abin da ba ta sani ba shi ne nawa ne daga cikinsa zai dawo, ko zai yi magana, ko zai gane mutane. Na ce na gode, wannan na ji shi.

Ban rubuto miki jiya ba don na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara aiko miki da abin da aka faɗa mini ba, sai abin da na gani da idona.

Idonsa a buɗe yake tun jiya, amma rufin ɗaki kawai yake kallo. Nas ta tsaya a kansa tana kiransa da sunan da ke fasfonsa, Bartholomew, ta tafa hannu a gefen kunnensa, ko ƙiftawa bai yi ba. Mama Clara ta gwada. Ni ma na yi ta Baban Kaneng, Baban Kaneng, har muryata ta dishe. Ido a buɗe ba kowa a ciki ya fi rufaffen ido ban tsoro, Yaya. Na fita baranda na yi kuka na dawo.

Yau da hantsi nas ta fita ɗauko magani, Mama Clara ta tafi neman shayi, ya rage daga ni sai shi. Ina zaune ta hagunsa, fuskarsa tana sama. Sai na tuna akwai sunan da ba wanda ya san shi a ƙasar nan, ba ya cikin fasfo, ba ya jikin katin gadonsa. Sunan da kike kiransa da shi tun kina goyonsa. Kin san tun ranar da aka kawo ni gidanku bai taɓa fita daga bakina ba, ko a faɗa ko a wasa. Na duba ƙofa kamar mai shirin sata, na sunkuya kusa da kunnensa, na ce, "Davou."

Ya juyo. A hankali, da ƙyar, har wayar da ke manne a wuyansa ta ja, ya juyo da kansa gefen da nake, idonsa ya sauka a kaina ya tsaya. Na ce masa ni ce, na zo, da na gane, da tun ranar Laraba na zo, ko a ƙafa ne. Bai yi magana ba. Ban san ko ya fahimta ba, ba zan ce miki ya fahimta ba. Amma nas ta dawo, ta yi abin da za ta yi ta fita, Mama Clara ta shigo da shayinta ta tsaya a ƙofa, shi kuwa bai kawar da kansa daga gare ni ba.

Wannan na gani da idona. Ki gaya wa Kaneng.

Bari in koma ciki, kada ya duba ya ga kujerar ba kowa.

Taki ƙanwa har abada,
Celestina